An Tsinta a Gona

Ranar Asabar ruwa ya hana mu yankan alkama,
sai na ɗauki jikata Zdenka
muka gangara tsohuwar tashar jirgin ƙasa,
inda garinmu ke ajiye abin da ya kasa zubarwa.
Dala ɗaya a bakin ƙofa. Yara kyauta.

Orla Petrik ce mai tsaro, da sanda da tabarau.
Ta ce, "Ido ya sha kallo, hannu ya zauna aljihu."

Ga ɗaki na yankan ƙasa, ciyawa a jikin bango,
don a Nebraska ta lokacin
itace sai mai hali.
Rufin kan zubo turɓaya cikin miya,
wata rana har da maciji, in ji Orla,
tana dariya, tunda ba ita ta kwana ciki ba.

Ga garma, baki ya cinye kamar haƙorin tsoho.
Ga busasshen kashin shanu a kwando,
makamashinsu in ƙanƙara ta rufe ƙofa.
Zdenka ta toshe hanci,
alhali shekara ɗari ta shanye warin.

Can a lungu muka yi ido huɗu:
injin niƙa kofi na kakata Ludmila.
A cinya ta riƙo shi tun daga Bohemiya,
ya haye teku, uwarta ba ta haye ba.
Shekarar fara, da kofi ya gagara,
hatsi ta soya ta niƙa, ta ce wa baƙi su sha.
Mariƙin ya lotsa daidai babban yatsanta.
Na san yatsan. Ya sha murɗe mini kunne.
Yau gilashi ne tsakaninmu
da 'yar takarda mai sunan gidanmu,
an ma ci harafi ɗaya.

Komai da sunan mai shi:
cokalin wane, gadon jaririn wance,
har sirdi an san ubangijinsa.

Sai Zdenka ta jawo wata durowa.
Kawunan kibau na dutse, kwance kan auduga.
Takardar ta ce: An tsinta a gona.
"Kaka, gonar wa?"
Na ce, tamu.
"To, kafin ta zama tamu fa?"

Orla ta shiga goge tabarau.
Ni na dubi taga, ruwa bai ɗauke ba.
An ce tsintuwa ba sata ba ce,
amma maganar ta tsaya mini a wuya.

A mota ta yi shiru har muka wuce rumbun gari,
sannan ta ce gobe za ta duba bakin rafi.
In ta ga ɗaya, za ta gaishe shi,
ta bar shi inda yake kwance.