Harafi Bakwai

A Oban, bayan shagon mai kifi,
Murdo Rennie ya shekara arba'in yana ɗinkin littattafai,
har ranar da hannun damansa ya yi yaji,
ya bar masa allura a ƙasa.

Wata bakwai yana koyon riƙe cokali.
Aikin farko da ya karɓa bayan ya tashi
ƙamus ne wanda gadon bayansa ya tsage,
shafuka na zuba kamar haƙoran tsoho.
Ɗaya ya faɗo a cinyarsa. Ya gyara tabarau.

Kalma guda ta Turanci, harafi bakwai,
ma'anoni sun yi layi a ƙarƙashinta
kamar masu jiran jirgin ruwan Mull.

Ta farko: ƙwallo ta bugi allo ta dawo.
Ya tuna jikarsa Elspeth a gindin raga,
ba ruwanta da wadda ta shiga,
wadda ta kuskure take dako.

Ta biyu: farashi ya faɗi, ya sake miƙewa.
Wannan ya bar wa masu kuɗi.

Ta uku ta sa shi dariya da rabin baki:
wanda aka juya wa baya
ya faɗa hannun wata tun hawaye bai bushe ba.
Haka ya sami Catriona, a ɗakin rawa, ana ruwa.
Kowa ya ce ba za su kai hunturu ba.
Shekara talatin da takwas.
Ita ce ma ta riga shi tafiya.

Ta huɗu ba ta da kunya:
ciwo ya dawo da an ajiye magani,
ya fi na da ƙarfi.
Ya ɗora babban yatsa, ya rufe ta.

Ta biyar, ƙasa ce.
Ƙanƙara ta danne ta shekaru dubbai, ta narke ta tafi,
har yau tana ɗagowa,
kaurin farce a shekara,
ba wanda ya taɓa jin motsinta.
Ya daɗe yana duban duwatsun bakin teku ta taga.

Can ƙarshen shafi, da ƙananan baƙaƙe,
akwai wata mai kama da ita, uwa dabam:
littafin da aka sake ɗinkewa.

Ya matse allura a tsakanin gwiwoyi,
ya lashi bakin zare,
ya kai da hagu.
Ya kuskure. Ya kuskure. Shayi ya huce.
A waje shamuwar teku na ta yi masa tsiya.
Ya sake lasar zaren.