Aikin Dare a Yaba

Biyu saura kwata. Ikko ta yi irin shirun da take iyawa:
janareta na tari a bayan gini,
wata danfo na kukan makara a kan titi.
Ni da firij muka rage,
da kwalabe arba'in da shida,
jinin yaran Agege, kowanne bai cika cokali ba.

Lamba sha bakwai na san uwarsa,
Tasalla mai wake da shinkafa ta bakin tasha.
Ta danne hannun yaron, ta kau da kai ga bango,
ta ce, "Ɗanliti, jinin nan da kuke ɗiba,
me yake faɗa muku?"
Na ce zan tambaye shi.

To, ga ni ina tambaya.

Baƙon da muke nema ba ya sallama.
Sauro ya sauke shi a fata kamar ɗan acaɓa,
kafin a idar da sallar isha ya shige hanta,
ya kama ɗaki, ya ja ƙofa.
Kwana bakwai ba zafi, ba ciwon kai,
yaro na buga ƙwallonsa a bakin kwata.
Ran da zai fito, ba shi kaɗai ba ne,
dubbai ne, kuma sun sake riga.

Babana gadi ya yi a Ikeja, shekara ashirin da ɗaya,
benci, tocila, da rediyo mai ɗaurin roba.
Bai san bihim ba a boko,
amma fuskar da ya gani sau ɗaya ta shiga aljihunsa.
Shi nake tunawa in na sunkuya kan madubi
ina ƙirga fararen ƙwayoyin nan.
Wasu ƙugiya suke ƙerawa, su watsa cikin jini.
Wasu ba sa yawo, hanta suka tare,
suna bin ɗaki ɗaki suna shinshina.

Allurarmu ba ɓarawon take kawowa ba,
hannun rigarsa kawai muke nuna musu:
ku duba da kyau, ku riƙe.

Wata uku, sun riƙe.
Wata goma sha huɗu fa?
Abin da ya hana ni barci ke nan.
Mai gadi ma yakan yi gyangyaɗi,
Baba da kansa sau biyu aka haura masa katanga.

Barmani shekararta huɗu.
Daren Talata jikinta ya yi zafin murhu,
ba ta ga Juma'a ba.
Masu gadinta sun yi faɗa, yanzu na sani,
saifarta har ta kumbura don faɗan.
Ba wanda ya taɓa nuna musu rigar, shi ke nan.

Na ɗiga ruwan gwaji a rami na sha bakwai.
Sai jira. Ruwan sama ya soma dukan kwano,
gobe kowace tsohuwar taya a Legas ta zama ɗakin haihuwa.

Ɗigo-ɗigo suka fito, kamar fitilun masunta a kan ruwa.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Sun ragu a kan na bara.
Ba su ƙare ba.

Na rubuta adadin da biro mai yoyo.
Wani sauro ya sauka a wuyan hannuna,
a nan ɗin ma, hawa na uku, bayan raga biyu.

In gari ya waye zan bi ta tasha.
Zan ce mata, ya ce yana tune,
amma ki kawo shi a ƙara tuna masa.