Gidan Wanki a Sheffield

Shekara uku ina ninke zannuwan gadon asibiti
a ƙarƙashin bene, inda tururi ke cinye numfashi.
Tsohon manaja da lamba yake kirana, ashirin da bakwai.
Ni ma hannu kawai nake kawo masa,
zuciyar na bar ta a tashar bas ta Burngreave.

Sai aka kawo Maureen Tully.
Ran Litinin ta tuɓe kwat ta tsaya gefena,
ta ƙone yatsa a bakin injin guga, ba ta ce uffan ba.
Sau huɗu ta gwada Ɗanjuma
kafin harshenta ya lanƙwasa daidai.
Ta ce, "Kafin nan, me hannun nan ya iya?"
Na ce gyaran injin niƙa, a Gusau, shekara sha ɗaya.
Ta miƙo min sifana da makullin ɗakin inji.

"Mai kwanciya kan wannan zanen," in ji ta,
"wataƙila shimfiɗarsa ta ƙarshe ke nan."
Tun ranar tabo bai ƙara wuce idona ba.

Jiya wani kamfani a Rotherham ya kira,
ƙarin fam biyu a kowace awa.
Na yi lissafi a bayan tikitin bas:
haya, wuta, kuɗin makarantar ƙanwata.
Lissafi ya ce tafi.

Asuba ta same ni gaban inji na shida,
kunnena a jikin ƙarfe,
ina sauraron wata ƙara da ban yarda da ita ba.