Turmi Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, bazara ta hana Damagaram barci.
Duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana,
ni kuwa ina ɗakin santiral, riga ta manne mini a baya,
ido a kan allura.

Sanduna uku ne na jan ƙarfe, kwance a bayan raga,
ba wani kyan gani gare su ba.
Amma duk wutar garin nan ta kansu take bi:
ta dogon layi da ta keto daji daga kudu,
da ta tsohon gurup mai shan gazuwal kamar raƙumin da ya iso rijiya,
da ta ƙaraminsa da muke kira Ɗan Auta,
mai tashi da tari.

Ranar da na kama aiki, Malam Kiyari bai buɗe littafi ba.
Ya ce, ka taɓa tsayawa kallon lugude?
Turmi ɗaya, taɓare uku.
Wadda ta shigo ba ta saurari kari ba,
ba gero za ta daka ba,
yatsun 'yar'uwarta za ta fasa.
Haka kuran yake. Bugu hamsin kafin ka ce ɗaya,
ba hamsin da ɗaya ba,
kuma kowa ya sauka a inda aka bar masa.

Yau layin kudu ya ji kaya, fitilu sun fara ja.
Na tada Ɗan Auta. Ya yi tarinsa, ya miƙe,
ban dai buɗe masa ƙofa ba tukuna.
Ba a faɗa wa sahu a guje.
Allura na kewayawa kamar an biyo ta,
na rage masa mai kaɗan,
ta koma tafiyar tsohuwa mai dawowa daga kasuwar Dole.
Ƙwayaye uku na saman allo
su kama, su mutu,
su kama,
su mutu.
A duhunsu ake haɗawa, in ji Kiyari,
in sun mutu tare, saɓani ya ƙare ke nan.

Na taɓa yin gaggawa, shekara huɗu yanzu.
Ƙarar ba ta bar kunnena na hagu ba.
Gari ya yi baƙi tun daga Zango har Garin Malam.
Da safe Fanna mai ƙanƙara, maƙwabciyata,
ta nuna mini firjinta, jari ya koma ruwa.
Ba ta san ni ne ba.
Na sayi leda goma na ruwan ɗumi, na rasa inda zan duba.

Allura ta doshi tsakiya.
Saura faɗin ƙwayar gero.
Bismillahi.
Na murɗa.

Shiru.
Shirun nan shi ne ladan aikinmu,
ba wanda zai tashi gobe ya ce an yi wani abu.

Sai na ƙara masa mai sannu a hankali,
don shiga sahu daban, ɗaukar kaya daban,
wanda ya shigo bai ɗauka ba, 'yan'uwa ne za su ja shi.
Ya karɓi rabonsa. Layin kudu ya sauke numfashi.

Na rubuta a rajista: biyu da minti goma sha bakwai.
Shayina ya huce a kan taga.
Can wani gida, fanka na juyi a kan jaririn da bai farka ba.