Inuwa Ma Sutura Ce

Shagon Baba na bayan kasuwar Garwa,
ƙofarsa na kallon yamma.
In azahar ta gota, rana kan tsaya a bakin ƙofar
kamar mai bin bashi,
ciki kuwa duhu, sai ƙarar keken ɗinki.

Shekara uku ina farautar hotonsa a wurin nan.
In na bi hasken titi, Baba ya koma baƙin kututture.
In na bi fuskar Baba, titi ya ƙone fari fat,
ba darbejiya, ba motar auduga, ba sama.
Taura biyu ba ta taunuwa,
ko a idon kyamara.

Ɗanlami ne ya ba ni dabara:
kafa ta kan ƙafa uku, kada ko numfashi ya taɓa ta,
ɗauki ɗaya mai duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai haske,
ka kai kwamfuta ka haɗe su.
Na ce, ɗan tela ne ni,
haɗa ƙyalle uku ba ya ba ni tsoro.

Da na wanko shi, na jingina a bakin shago.

Gajimare ya yi nauyi kamar daga maƙera aka ɗauko shi.
Kowane tsatsa a kwanon rufi ya miƙe yana gaisuwa.
Gefen bishiya ya yi wani fari-fari,
sai ka ce an zagaye ta da alli.
Ga Baba kuma, ga titi, duk a faranti ɗaya,
ba wanda ya ci rabon wani.

'Yan babur suka fara tsayawa.
Ɗaya ya ce, kai, Garwa ce wannan ko Dubai?
Ya ɗauki hoton hoton a wayarsa.
Dija mai kunun gyaɗa ta sauke bokiti, ta daɗe tana kallo,
ta ce, samaniyar nan ta ranar tashin kiyama ce,
ni dai ban taɓa sayar da kunu a ƙarƙashinta ba.
Malam Bappa ya gyara tabarau:
komai na ciki gaskiya ne, in ji shi,
amma an tara gaskiyar ta yi yawa
har ta fara warin ƙarya.

Sale mahauci bai ce komai ba.
Ya hango bangon ciki,
inda Baba ke rubuta bashi da gawayi,
can lungun da ido ba ya kaiwa daga titi.
Ga sunansa ɓaro-ɓaro,
sefa dubu huɗu da ɗari biyar, tun sallar bara.
Ya ja hula, ya wuce.

Baba ne ƙarshen fitowa,
zare a leɓe, awo a wuya.
Bai dubi gajimare ba.
Bai dubi tamojin goshinsa ba,
da na'ura ta ƙirga ɗaya bayan ɗaya.
Yatsansa ya tafi bayan ƙofa,
kan ƙusar da gyalen Inna ke rataye
shekara shida ke nan,
shuɗinsa ya fito sabo, kamar jiya ta cire.

Ni kaina na manta yana nan.

Ya ce, ɗana,
aikina rufe mutane ne.
Allah da Ya yi rana, Shi ya yi inuwa,
ba don hasken ya ƙare maSa ba.
Inuwa ma sutura ce.
Ina na farkon, mai duhun?

Shi na wanke masa.
Titi na walƙiya, darbejiya tsaye,
a tsakiya baƙin mutum sunkuye kan keke,
ba fuska, ba bango, ba ƙusa.
Duk wanda ya gani sai ya ce, ai Baba ne.

Ɗayan yana ƙarƙashin katifata, na kife shi.
Wani dare nakan ɗaga
in dubi shuɗin nan.

Sale ya aiko da dubu biyu ranar Laraba.