Takalmin Mudi

A Ƙofar Sauri ba mu da agogon tsere.
Tambai mai gyaran rediyo ke ƙirga wa Mudi daƙiƙa
da wayarsa mai tsagaggen gilashi.

Ran da takarda ta zo daga Legas
aka kafa gwangwanin madara a teburin mai shayi.
Ladidi ta juye cinikin ƙosan kwana biyu,
wani direba ya ce, har Kaduna kar ka taɓa aljihu.
Ni sau uku na ɗinke takalmin,
a na huɗu zare ya ƙi,
muka sayi sabo.

Na biyar ya zo.

Tsohon na rataye a rumfata.
Gwangwanin kuwa, jiya na girgiza shi,
har ya fara nauyi.