Ɗigon da ke Gefen Suna

Ni ce ma'ajin iyayen yara
a lakwal ta Karkada,
shekara huɗu ke nan, ba albashi, ba hutu.
Ofishina jakar leda ce,
a ciki kaye mai shafi ɗari biyu
da biki shuɗi da na ɗaure da zare
don kada ya bi wani gida.

Ran Asabar Mutari ya zo taro,
ɗan Habsu mai ɗinki, wanda ya yi karatu a Yamai.
Ya ɗaga talho sama kamar mai nuna jinjirin wata,
ya ce ga manhaja:
ita ke tuna wanda ya biya,
ita ke aika wa mai bashi saƙo,
ita ke raba ranar shara da ranar dakon ruwa.
Ba ta mantuwa, ba ta jin kunyar kowa.
Jikka shida a wata.

Malam Tanimun ya cire hula,
ya leƙa cikinta, ya mayar.

Na lissafa da yatsu ƙarƙashin mayafi.
Jikka shida zana ce ta rumfar 'yan aji ɗaya
wadda awaki suka cinye gindinta.
Jikka shida ruwan randa ne
in bazara ta yi, famfo ya yi shiru,
kuma duk ɗan Damagaram ya san wannan shirun.

Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a wuya ba,
rashin kunyar ne.
Barira na biyan nata dala ashirin, dala ashirin,
tsaba mai ƙamshin man ƙosai.
Mijinta ya tafi haƙar zinariya arewa,
damina biyu, ko gaisuwa.
Gefen sunanta na sa ɗigo ƙarami,
ma'anarsa kada a tambaye ta sai kaka.
Gefen sunan Ma'azu direba ɗigo biyu:
yana da shi, a matsa masa.
Na ce, Mutari, abin naka yana da wurin ɗigo?
Ya yi dariya, ya ce za a duba.

To, kada in yi wa kayena kara.
Bara ruwa ya shigo ta indararo cikin dare,
shafi na arba'in ya zama baba,
sunaye suka narke cikin juna,
jikka tara ta ɓace tsakanin Yuli da Agusta.
Babu wanda ya ce na ci.
Gaisuwa ce kawai ta gajarta a Kasuwar Dole.
Na sayar da tunkiyata na cike.
A daren nan da na sami shaida,
ko ta ƙarfe ce, ko marar kunya ce,
da na biya jikka shida ina godiya.

Aka ƙirga hannuwa.
Iyaye tamanin da uku,
masu talho na shafawa goma sha tara,
huɗu a ciki na 'ya'yansu ne.
Wani ya ce in kure ya ɗauke fa?
Wata ta ce in rezo ya gudu?
Mutari ya ce ruwa ma ai yana zuwa ba sallama.
Na yi shiru, don da ni yake.

Kiran la'asar ya raba mu ba a yanke ba.
Abin da aka tsayar, duk Juma'a
zai zo ya ɗauki hoton shafi, kyauta,
zana kuma a saya gobe.
Ya ce za mu dawo kan maganar.
Za mu dawo.

Da dare na buɗe kaye gaban fitila.
Zuwera ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, Inna, ƙuda ya ɓata miki takarda,
ta kai farce za ta kankare.
Na riƙe hannunta.
Idona ya fara gajiya da ƙananan layuka,
kuma ɗigon nan, a duk Karkada,
ni kaɗai na iya karanta shi.